Yadda Ake Zana Cunkoson Elektiron Don Fahimtar Ɗaurin Atam a Cikin Molekul

A littattafan makaranta ana zana ruwa da harafin O a tsakiya, H biyu a gefe, sai sanduna biyu da ke haɗa su. A cikin molekul na gaskiya babu sanda. Abin da ke akwai cibiyoyin atam ne guda 3 da elektiron 10 da suka bazu kewaye da su, wani wuri a cunkushe, wani wuri jefi-jefi. Wannan cunkoson ne ke riƙe atam da ɗan'uwansa, kuma ana iya aunawa. Da taswirar cunkoson elektiron da hasken X ya bayar Dorothy Hodgkin ta gano tsarin fenisilin a 1945. A 1964 kuma Pierre Hohenberg da Walter Kohn suka tabbatar da cewa cunkoson shi kaɗai ya ƙunshi duk bayanin molekul a yanayinsa na mafi ƙarancin kuzari, aikin da ya kai Kohn ga kyautar Nobel ta 1998 tare da John Pople.

Yau ƙaramar kwamfutar ɗalibi na yin lissafin ruwa cikin daƙiƙoƙi. Wahalar tana wajen karanta hoton da ya fito.

Kayan aiki

Manhajoji 4 sun isa, kuma ba a biyan kuɗinsu a aikin karatu. Avogadro na gina molekul. ORCA, wadda Frank Neese da abokan aikinsa suka samar a Jamus, ita ke lissafin. Multiwfn ta Tian Lu daga ƙasar Sin tana tantance sakamakon, VMD ta Jami'ar Illinois a Amurka kuma tana fitar da hoto mai kyau.

Mataki na 1: A gina molekul

A buɗe Avogadro, a zaɓi oksijin, a danna fili sau ɗaya. Manhajar za ta ƙara haidirojin biyu da kanta. A ajiye fayil ɗin da sunan ruwa.xyz. Idan molekul ɗin babba ne, ya fi sauƙi a sauke tsarinsa daga rumbun PubChem.

Mataki na 2: A yi lissafi

A rubuta layuka biyu a fayil mai suna ruwa.inp:

! B3LYP def2-TZVP Opt
* xyzfile 0 1 ruwa.xyz

B3LYP ita ce hanyar lissafin, def2-TZVP kuma tarin siffofin lissafi ne da za a gina cunkoson da su. Opt na umartar manhajar ta yi ta gyara matsayin atam har sai kuzari ya kai mafi ƙaranci. Sifilin na nufin molekul ba shi da caji, 1 kuma na nufin kowane elektiron yana da abokin zama.

Sai a ba ORCA fayil ɗin ta yi lissafin. Kafin a ci gaba, a duba sakamakon. Tsawon ɗaurin oksijin da haidirojin ya kamata ya faɗo kusa da angistirom 0.96, kusurwar kuma kusa da digiri 104.5 da aka auna a ɗakin gwaji. In lambobin sun yi nisa da haka, akwai kuskure a ginin, kuma duk hoton da ya biyo baya ba zai yi amfani ba. Idan komai ya yi daidai, umarnin orca_2mkl ruwa -molden zai fitar da fayil ɗin da Multiwfn ke iya buɗewa.

Mataki na 3: A zana ɓawon cunkoso

Cunkoson elektiron ba shi da iyaka, raguwa kawai yake yi yayin da ake nisa da cibiya. Don haka mai zane ne ke zaɓar lamba ɗaya, manhaja ta haɗa duk wuraren da cunkoso ya kai wannan lambar, ta mai da su ɓawo. A Multiwfn zaɓi na 5 ke yin wannan, ya kuma fitar da fayil nau'in cube da VMD ke karantawa.

A nan yawancin masu koyo ke ruɗewa, domin molekul ɗaya na ba da hotuna mabambanta gwargwadon lambar. A kan 0.001 a ma'aunin atam, ruwa na fitowa dunƙulalle, ba a ganin ko alamar ɗauri. Wannan ɓawon ne Richard Bader na Jami'ar McMaster a Kanada ya ɗauka a matsayin girman molekul, kuma kusan duk elektiron na cikinsa. A ɗaga lambar zuwa 0.2, sai hannuwa biyu su bayyana daga oksijin zuwa haidirojin. A kai ta 1, haidirojin ya ɓace gaba ɗaya, ƙwallon oksijin kaɗai ya rage, domin cunkoso a cibiyar oksijin ya kai ɗaruruwa, na haidirojin kuwa bai kai rabin 1 ba. Dukkan hotunan uku gaskiya ne. Abin da ya dace shi ne a kalli aƙalla uku kafin a ce komai.

Mataki na 4: A cire atam, a bar ɗaurin

Tunda yawancin elektiron na maƙale da cibiyoyi, cikakken hoton na ɓoye ɗan canjin da ɗauri ke kawowa. Maganin shi ne ɗebewa: a lissafa cunkoson atam ɗin kamar kowanne na zaune shi kaɗai a wurinsa, a cire daga na molekul. Zaɓi na 4 a Multiwfn na zana wannan bambancin a kan shimfiɗar da ta ratsa atam ɗin uku.

A ruwa za a ga ƙari a tsakanin oksijin da kowane haidirojin, a ga ragi a bayan haidirojin. In aka juya shimfiɗar ta tsaya a miƙe, wani tarin zai bayyana a bayan oksijin, inda elektiron 4 da ba su shiga ɗauri ba suke. Wannan janyewar elektiron daga haidirojin ce ta sa ma'aunin hasken X ke nuna ɗaurinsa ya gajarta da kusan angistirom 0.1 idan aka kwatanta da ma'aunin niwutiron: hasken X elektiron yake gani, niwutiron kuma cibiya.

Mataki na 5: A shafa launin caji

A koma ɓawon 0.001, a shafa masa launi gwargwadon ƙarfin jan lantarki a kowane wuri. A al'ada ja na nuna inda elektiron suka yi yawa, shuɗi kuma inda suka yi ƙaranci. Ruwa zai fito da ja a gefen oksijin, shuɗi a kan haidirojin, daidai da ma'aunin ƙarfin jan elektiron na Linus Pauling da ya ba oksijin 3.44, haidirojin 2.20. Daga hoton ake fahimtar dalilin da shuɗin wani molekul ke manne wa jan wani, abin da ya sa ruwa ba ya tafasa sai a digiri 100, alhali haidirojin salfaid, wanda ya fi shi nauyi, iska ne tun daga wajen digiri 60 ƙasa da sifili. Wasu manhajoji na juya launukan, don haka a karanta ma'aunin da ke gefen hoton.

Mataki na 6: A auna ɗaurin da lamba

Ido na iya yaudara, shi ya sa Bader ya kawo ma'auni. Tsakanin atam biyu da ke ɗaure akwai wani gurbi mai kama da tsakiyar sirdin doki: in aka bi ta tsawon ɗaurin, nan ne cunkoso ya fi ƙasa, in aka ratsa ta gefe zuwa gefe kuma nan ne ya fi sama. Zaɓi na 2 a Multiwfn na nemo wannan gurbin, ya ba da lambobi biyu masu muhimmanci.

Ta farko ita ce yawan cunkoso a wurin. Fiye da 0.2 yawanci alamar ɗaurin tarayya ce, inda atam biyu ke raba elektiron. Ƙasa da 0.1 kuma alamar ɗaurin ayon ce, ko ɗauri mai rauni irin na tsakanin molekul biyu na ruwa. Ta biyu ana kiranta Laplasiyan, daga sunan masanin lissafi na Faransa Laplace. In ta faɗo ƙasa da sifili, elektiron sun taru a tsakani, in ta haura sifili kuma an janye su zuwa ɓangarorin.

Gwaji mafi armashi shi ne a jera dangin kabon. A etan ɗaurin kabon da kabon na da tsawon angistirom 1.54, cunkoso wajen 0.24. A etilin tsawon ya koma 1.34, cunkoso wajen 0.35. A asetilin na masu walda tsawon 1.20 ne, cunkoso ya haura 0.4 kaɗan. Benzin na ba da amsa mai ƙayatarwa: duk ɗaurinsa 6 na kabon da kabon na fitowa da lamba ɗaya, tsakanin ta etan da ta etilin, ko da yake ana zana shi da sanda ɗaya nan, biyu can. Molekul ɗaya na gishiri, sodiyam da kilorin, na ba da ƙasa da 0.05 tare da Laplasiyan da ta haura sifili.

Mataki na 7: A binciki hoton kafin a yarda da shi

Ba kowane ɗauri ke bin waɗannan ƙa'idojin ba. Molekul mai atam biyu na fulorin ɗaurin tarayya gare shi, amma taswirar ɗebewa kusan ba ta nuna ƙari a tsakiyarsa, Laplasiyan ɗinsa kuma sama da sifili take. A irin wannan yanayi ana ƙarawa da taswirar ELF, wadda Axel Becke da Kenneth Edgecombe suka gabatar a 1990, mai nuna wuraren da elektiron ke zama bibbiyu da ma'auni daga 0 zuwa 1. Multiwfn na zana ta da fayil ɗin da aka riga aka buɗe.

Lambobin na ɗan motsawa idan aka canza hanyar lissafi, saboda haka molekul biyu ba sa kwatantuwa sai an lissafa su da hanya ɗaya, an kuma zana su a kan lamba ɗaya. A ƙarƙashin kowane hoto a rubuta hanyar lissafin, tarin siffofin, lambar ɓawon da iyakokin launi, misali B3LYP, def2-TZVP, 0.001, domin duk wanda ya karɓi rahoton ya iya maimaita aikin a kwamfutarsa.