Yadda ake ɗauko bayanan iskar sama domin sanin ruwan da zai sauka a Nima

Ruwan da ke cika babbar kwatar Nima da Maamobi a Accra, ya gangara kogin Odaw, a can sama yake haɗuwa tun kafin a ga hadari. Daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Kwame Nkrumah Circle, mutum fiye da 150 suka rasu. Shi ya sa nake ganin ya kamata matasan zango masu ilimin kwamfuta su iya karanta iska hawa-hawa. Bayanan kyauta ne. Hukumar NOAA ta Amurka tana fitar da hasashenta mai suna GFS sau huɗu a rana, ƙarfe 00, 06, 12 da 18 agogon GMT, wanda shi ne agogon Ghana, tana ajiye shi a rumbunta na intanet, NOMADS.

Da farko a shiga rumbun, a nemi sashen tace fayilolin GRIB, a zaɓi GFS mai digiri 0.25. Daga nan a zaɓi rana da zagaye, amma sakamakon kowane zagaye yakan ɗauki awa huɗu ko kusa da haka kafin ya fito. Sunan fayil yana ɗauke da lokacin da ake hasashe: wanda ya ƙare da f024 na awa 24 masu zuwa ne, jerin kuma ya kai f384, wato kwana 16.

Zaɓen hawa shi ne inda aikin yake. Ana auna hawan da nauyin iska, da ma'aunin miliba, lambar kuma tana raguwa yayin da ake yin sama. Hawan 925 da na 850, wanda yake kusan mita 1,500, su ne ke nuna iskar damina da ke ɗebo danshi daga Tekun Gini ta kudu maso yamma. Hawan 700, kusan mita 3,000, da na 600, nan ne iska mai ƙarfi daga gabas take bi, kuma ita ke turo jerin hadarin da ke isowa Accra ta wajen Benin da Togo. Hawan 500, kusan mita 5,500, yana nuna ko sama ta yi sanyin da zai bar gajimare ya yi tsayi. Wanda ya tsaya a bayanan ƙasa kaɗai zai ga zafi da danshi, waɗanda kusan kullum akwai su a Accra a watan Yuni, ba zai ga abin da ya bambanta ranar yayyafi da ranar ambaliya ba. Bayan hawa sai a zaɓi abin da ake so a auna: UGRD da VGRD na iska, RH na danshi, TMP na zafi.

Sai a yanke yanki. Accra tana digiri 5.6 arewa, 0.2 yamma, layin Greenwich kuma ta Tema ya wuce, don haka iyakar yamma za a rubuta ta da alamar ragi. A sa -3 a yamma, 6 a gabas, 10 a arewa, 2 a kudu. An faɗaɗa gabas da gangan, tunda daga can hadarin ke zuwa. Cikakken fayil ɗaya ɗaruruwan megabait ne, na duniya baki ɗaya. Wanda aka tace kuwa ɗan kaɗan ne, ba zai cinye datar waya ba. A sauke shi, a buɗe da Panoply ta NASA ko XyGrib, a dubi hawa ɗaya bayan ɗaya.

Wani zai ce manhajar waya ta isa. Manhajar tana nuna hoton gajimare da kashi cikin ɗari, ba ta faɗin dalili, mai dalili a hannu kuwa shi ke iya sanin hasashen da ya yi ƙarfi. Ƙorafi mafi nauyi shi ne tazarar ɗigon GFS ta kai kilomita 28, Nima da Maamobi gaba ɗaya ba su cika gida ɗaya na taswirar ba. Gaskiya ne, kuma GFS yakan yi kuskure a yawan ruwan ƙasashe masu zafi. Saboda haka ne ma nake cewa a nemi iska da danshi na sama, domin su sun shafi ɗaruruwan kilomita, hasashensu ya fi na ruwan unguwa tabbas. Gargaɗin hukuma aikin GMet ne, hukumar yanayi ta Ghana, ita ce kuma ya kamata limamai da sarakunan zango su bi kafin su yi sanarwa. Amfanin mai karanta hawan sama shi ne ya hango kwana biyu ko uku masu haɗari, a yashe kwata, a ɗaga kayan shago, a faɗa wa masu kwana a bakin kwata su saurari sanarwar GMet.