Fasahar Zamani a Matsayin Ma'aunin Yanayin Makaranta da Tsaron Ɗalibai

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin manhajoji biyu da ake amfani da su a Amurka wajen auna yanayin makaranta da kare ɗalibai, sannan ta duba sharuɗɗan da suka wajaba a cika kafin irinsu su yi amfani a makarantun ƙasar Hausa.

1.0 Gabatarwa

Yanayin makaranta na nufin yadda ɗalibai da malamai da iyaye suke jin zaman makaranta ta fuskar aminci da mutunta juna da adalcin horo. Rahoton UNESCO na 2019 ya nuna kusan ɗalibi 1 cikin 3 a duniya ya fuskanci cin zali daga 'yan'uwansa ɗalibai a cikin wata guda kafin a tambaye shi. Galibin irin wannan cutarwa ba ta isa kunnen hukumar makaranta, don haka ake buƙatar hanyar gano ta.

2.0 Manhajar Tambayoyi

A 2016 Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta fitar da EDSCLS, manhajar tambayoyi ta kyauta da ɗalibai da malamai da sauran ma'aikata da iyaye ke amsawa ta intanet. Tana auna fannoni 3: cuɗanya, da tsaro, da muhalli. Fa'idarta ita ce tana tattara amsoshi nan take, ta kuma rarrabe su bisa aji ko jinsi, ta yadda shugaban makaranta zai gane rukunin da ya fi zama cikin fargaba.

3.0 Manhajar Kai Rahoto a Asirce

Bayan harin makarantar Columbine a 1999, an kafa Safe2Tell a jihar Kolorado a 2004, inda ɗalibi ke kai rahoto ba tare da bayyana sunansa ba. Hujjar tsarin tana cikin binciken da gwamnatin Amurka ta wallafa a 2002 kan hare-hare 37 a makarantu: a mafi yawansu akwai wanda ya san shirin tun kafin a aikata, kuma yawanci ɗalibi ne.

4.0 Matsayinsu a Ƙasar Hausa

Sace ɗalibai a Chibok a 2014 da Ƙanƙara a 2020 ya sa batun tsaron makarantu a Nijeriya ya karkata ga mahara daga waje. Waɗannan manhajoji kuwa sun fi dacewa da cutarwar cikin gida, kuma nasararsu ta rataya kan abubuwa uku.

Na farko shi ne harshe. Ɗalibin makarantar kwana yakan ɗauki dukan da babban ɗalibi ya yi masa a matsayin horo, saboda haka idan aka tambaye shi ko an ci zalinsa sai ya ce a'a. Tambayar da ta ambaci aikin kansa, kamar “Sau nawa aka ƙwace maka abinci a makon jiya?”, ta fi fito da gaskiya.

Na biyu al'ada ce. Kunya na hana ɗaliba ambaton cin zarafi, kuma mai kai ƙara yakan sha sunan munafuki a wurin abokansa. Ɓoye suna na rage wannan nauyi, muddin an kiyaye bayanan bisa dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023.

Na uku kayan aiki ne. Inda lantarki da intanet suka yi ƙaranci, gajeren saƙon waya ya fi sauƙi, kamar yadda tsarin U-Report na UNICEF yake amfani da shi.

5.0 Kammalawa

Manhaja bayani kawai take tattarawa. Sai an naɗa wanda zai karanta rahoto ya ɗauki mataki cikin hanzari, in ba haka ba ɗalibai za su daina magana. Ya kamata masana Hausa su jagoranci tsara tambayoyin da gwada su a bakin ɗalibai kafin a ɗora su a na'ura.