Yadda Ake Cire Dalma Daga Allon Rediyo

Sau da yawa akan kawo wa hakimi ko magatakardansa takardar neman kuɗin gyaran rediyo, ko akwatin lasifikar da ake shela da ita, a sa hannu ba tare da an san abin da mai gyara zai yi ba. Wannan darasi zai bayyana sashe guda na aikin, watau cire dalma, domin a nan ne galibi ake kashe kayan da ba su kai ga mutuwa ba.

In an buɗe rediyo za a ga wani allo wanda aka shimfiɗa wa siraran hanyoyi na jan ƙarfe, ta nan wuta ke bi. Kaurinsu bai kai na gashin kai ba, manne kurum suke da allon. Kowane ɗan kaya an liƙa ƙafafunsa da abin da masu gyara ke kira dalma, alhali kuwa gami ne na kuza da dalma. Mai kuza kashi 63 da dalma kashi 37 yana narkewa a digiri 183 na ma'aunin santigired. Amma tun 2006 Tarayyar Turai ta hana sa dalma a yawancin kayan lantarki, saboda haka sababbin kaya da dama an liƙa su da wani gami wanda ba ya narkewa sai wajen digiri 217. Liƙawa ba wuya. Cirewa ce aiki, gama in zafi ya daɗe a wuri ɗaya sai hanyar jan ƙarfen ta ɓanɓare, gyaran kaya guda ya zama gyaran allo duka.

Abin da ya fi araha shi ne famfon hannu, mai kama da sirinjin likita, da sifirin a cikinsa. Akan danna shi ya ɗanu, a narka dalmar da ƙarfen zafi, a ɗora bakin famfon nan da nan, a taɓa maɓalli, sai ya zuƙe ta. Ya dace da kayan da ƙafafunsu suka ratsa rami suka fito ta bayan allo, kamar yadda yake a tsofaffin rediyoyi. Wajen saye a zaɓi wanda za a iya ɗanawa da hannu ɗaya, wanda kuma ake iya sake masa baki, don bakin yakan cinye.

Akwai kuma kitson jan ƙarfe, wanda aka jiƙa da wani irin ƙaro mai sa dalma ta gudana. Akan shimfiɗa shi bisa wurin, a danne da ƙarfen zafi, ya tsotse dalmar kamar yadda lagwani ke shan kananzir. Wajibi ne a ɗaga kitson da ƙarfen tare. In aka fara ɗauke ƙarfen, kitson zai daskare a jikin allo, wanda ya fizge shi kuwa da hanyar zai taho. A ganinmu waɗannan biyu sun ishi mai yi wa ofishin gunduma gyara. Bindigar zuƙe dalma mai aiki da lantarki ta fi su sauri, amma tsadarta sai mai wannan sana'a kullum. Ƙananan kayan da ke kwance bisa fuskar allo, irin na wayar hannu, iska mai zafi suke bukata, famfo ba shi da amfani a kansu.

Kafin a fara, a zare wuta, a cire batir, a kuma sauke cajin manyan kafasito, don sukan riƙe wuta bayan an kashe na'ura. In tsohuwar dalma ta ƙi narkewa, kada a ƙara dannawa. A ɗiga mata sabuwa kaɗan. Abin kamar koma baya ne, amma sabuwar ce ke kai zafi cikin ramin, sa'an nan a zuƙe su gaba ɗaya. In an yi daƙiƙa uku ko huɗu ba ta fita ba, a janye, a bar wurin ya huce. Kada a taɓa ɓalle ƙafa da ƙarfi.

To, malamin da zai karɓi aiki ya nemi a buɗe masa ya duba bayan allon. In ya ga wurin ya yi baƙi, ko an yi gada da waya inda hanya ta tsinke, ya tambayi dalili kafin ya biya. Ya kuma karɓi kayan da aka cire ya ajiye tare da rasit. A gargaɗi mai gyara ya yi aiki inda iska ke shiga, ya wanke hannu kafin ya ci abinci ko goro, domin dalma guba ce, ta fi kuwa cutar da yara.