Yadda Mutuwar Ƙwayoyin Sankara Ke Farkar da Garkuwar Jiki

Da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina jikin ɗan Adam, kuma kowace rana biliyoyinsu kan mutu cikin natsuwa. Wasu fararen ƙwayoyin jini ne ke haɗiye gawarwakinsu a asirce, saboda haka garkuwar jiki ba ta tashi yaƙi. An daɗe ana zaton irin wannan mutuwa ƙwayoyin sankara, wato ciwon daji, suke yi idan magani ya kashe su.

A shekarar 2005, masana a Cibiyar Gustave Roussy ta ƙasar Faransa, cikinsu har da Guido Kroemer da Laurence Zitvogel, suka gwada wannan zato. Sun kashe ƙwayoyin sankara da maganin doxorubicin, suka yi wa ɓeraye allurar gawarwakin. Daga baya suka zuba musu rayayyun ƙwayoyin, sai ga shi ƙari bai tsiro a jikin yawancinsu ba. Amma gawarwakin da maganin mitomycin C ya kashe ba su ba da wannan kariya ba. Ke nan yadda ƙwayar ta mutu shi ne abin lura.

Ƙwayar da ke irin wannan mutuwa takan fitar da alamu uku. Na farko, sinadarin calreticulin yakan fito bisa fatarta, tamkar tana cewa a cinye ta. Na biyu, takan saki ATP, wanda ke janyo masu tsaro zuwa wurin. Na uku, HMGB1 yakan fito daga tsakiyarta, ya zama gangamin haɗari. Daga nan ƙwayoyin leƙen asiri masu rassa kan haɗiyi ɓurɓushin gawar, su kai shi kaluluwa, su nuna wa ƙwayoyin T. Su kuwa waɗannan sai su bi jini suna farautar duk ƙwayar da ke ɗauke da wannan tambari.

Wannan ne ya sa, jefi-jefi, idan an gasa ƙari ɗaya da haske mai ƙarfi, wani ƙarin da ke nesa shi ma yakan motse. Tun a 1953 aka ba wannan al'amari suna.

Sai dai sankara na da dabarar ɗaure hannun ƙwayoyin T. James Allison da Tasuku Honjo sun sami kyautar Nobel a 2018 saboda gano hanyar kwance wannan ɗauri. Shi ya sa a wasu cututtukan, kamar sankarar huhu, likitoci ke haɗa magungunan biyu.

Tambaya ga ɗalibai: me kuke jin zai faru da a ce ɓerayen gwajin ba su da ƙwayoyin T?