Wakafi Da Jinyar Marasa Galihu

 Darasin wannan mako a kan dukiyar da ake bayarwa ne domin jinyar marasa galihu, da abin da ke sa irin wannan kyauta ta ɗore ko kuwa ta mutu tun mai ita yana da rai.

Duk wanda ya saba bin hanyoyin karkara ya san irin ginin nan da akan tarar a bakin gari. Ɗakin shan magani ne, fentinsa ya koɗe, ga allo ɗauke da sunan attajirin da ya gina shi, ga ƙaton kwaɗo a ƙofa, awaki sun mai da barandar wurin kwana. Attajirin bai yi rowa ba, kuma babu mai ikon shiga tsakaninsa da niyyarsa. Abin da ya kuɓuce masa shi ne gini sau ɗaya ake yin sa, amma albashin malamin asibiti da kuɗin magani da na ruwa da na fitila kowane wata sai sun zo. Da ya miƙa mabuɗi ya koma birni, babu wanda aka ɗora wa nauyin waɗannan, sai kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido.

Shari'a ta daɗe da tanadin maganin wannan, watau wakafi, wanda littattafan Malikiyya suka fi kira hubusi. Asalinsa sananne ne. Sayyidina Umaru, Allah ya yarda da shi, ya sami wata gona a Haibara wadda bai taɓa mallakar abin da ya kai ta daraja ba, ya je neman shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka nuna masa ya tsare gonar ya riƙa sadaka da amfaninta. Sai ya sharɗanta kada a sayar da ita, kada a kyautar, kada a gada, ya kuma yarda mai kula da ita ya ci daga cikinta gwargwadon abin da aka saba. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya kamata mai karatu ya tsaya a kansa. Tun daga wakafin farko an san aikin alheri ba ya tafiya sai da ma'aikaci, ma'aikaci kuwa sai ya ci abinci.

Misalin da ya fi fito da wannan fili a tarihin jinya shi ne asibitin Sarki Mansur Ƙalawun na Misira. Tun yana ɗaya daga cikin shugabannin mayaƙa ciwon ciki ya kama shi a ƙasar Sham, aka yi masa magani da abin da aka ɗebo daga asibitin da Nuruddini ya gina a Dimashƙa cikin shekarar 1154. Da ya warke ya yi alkawarin in Allah ya ba shi mulki zai gina irinsa. Ya hau gadon sarauta a 1279, aka fara ginin a tsakiyar Alƙahira a 1284, aka gama a shekarar da ta biyo. An ware ɗakuna na masu zazzaɓi, da na masu ciwon ido, da na waɗanda za a yi wa aiki, da na masu gudawa, da na masu taɓin hankali, mata kuma da nasu ɓangare.

Amma abin koyi yana cikin takardar wakafin fiye da cikin ginin. Sarkin ya tsayar da kantuna da gidajen haya da filaye domin asibitin, har masanin tarihin Misira, Maƙrizi, ya ambaci cewa kuɗin shigarsu ya kusa dirhami miliyan ɗaya a shekara. Daga nan ake biyan likitoci da masu haɗa magani da masu shara da masu wanki. An buɗe ƙofar ga kowa, mai mulki da talaka, ɗa da bawa, namiji da mace, ba a kuma ƙayyade wa majinyaci kwanakin da zai yi ba. Takardar ta gangara har kan ƙananan abubuwa, kamar a ba kowane majinyaci abincinsa cikin akushinsa a rufe, a kuma raba mafitai lokacin zafi. Wanda ya rasu ba shi da kowa, wakafin ne ke yi masa sutura. Sa'an nan akwai sharaɗin da ya fi shafar wannan darasi: matalaucin da ke kwance a gidansa bai iya zuwa ba, a kai masa magani can, muddin hakan bai tauye waɗanda ke kwance a asibitin ba. Ashe mai wakafin ya gane cewa wanda ya fi buƙata sau da yawa shi ne wanda ba ya iya isowa ƙofa. Asibitin ya yi ɗaruruwan shekaru yana aiki bayan daular da ta gina shi ta shuɗe.

Sai dai gaskiya ba a rufe ta saboda kyawun aiki. Jami'in da ya tsaya a kan ginin ya yi wa mutane tilas, har masu wucewa a hanya akan tsare su a sa su ɗaukar duwatsu, aka kuma yi ta magana a kan yadda aka karɓi gidan da aka rushe aka yi ginin a gurbinsa. Malaman zamanin ba su yi shiru ba, wasu ma suka ƙyamaci yin salla a wurin. Sadaka ba ta wanke zalunci, ko da kuwa asibiti aka gina da ita.

Akwai bambancin da ake yawan ruɗewa a kansa. Zakka tana da mutanenta guda takwas da aka lissafa a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, kuma a wurin mafi yawan malamai, har da na Malikiyya, ba a gina asibiti ko gada da ita. Matalaucin da ciwo ya kwantar kuwa yana da hakki a cikinta, a ba shi ya sayi maganinsa. Gini da albashi da kayan aiki, waɗannan aikin wakafi ne da sadakar ganin dama. Har ila yau, ko da yake asali a raba zakka inda aka fitar da ita, Malikiyya sun ce in akwai waɗanda suka fi tsananin buƙata a nesa, a kai musu mafi yawanta. Attajirin birni da ya tuna da ƙauyen da ba shi da ko unguwarzoma bai saɓa ba.

To, Ƙalawun sarki ne, ba ya neman yardar kowa. Mai bayarwa na wannan zamani, ko mutum ne ko gidauniya, ba haka yake ba, domin dukiyarsa ba ta isa ga maras lafiya sai jama'a sun buɗe masa ƙofa. Arewacin Nijeriya ya ga wannan da idonsa a yaƙi da cutar shan-inna. A shekarar 2003 aka dakatar da ɗigon riga-kafi a Kano da wasu jihohi saboda zargin an gurɓata shi. Bincike bai tabbatar da zargin ba, amma tsoron yana da mafari. Mutane ba su manta da gwajin maganin da wani kamfanin waje ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Suna kuma da tambaya mai nauyi: yaya ake bin su gida-gida da ɗigo kyauta, alhali kuwa in zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro sai an sayar da akuya kafin a sami magani? Kano ta koma riga-kafi a watan Yuli na 2004, bayan an kawo maganin daga ƙasar Indunusiya, amma kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashen da a da suka rabu da ita. Kuɗin masu taimako bai ƙare ba a wannan lokaci, amana ce ta yi ƙaranci.

Gyaran ya zo ne da aka mai da jama'a abokan aiki. A 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan kiwon lafiya matakin farko, aikin ya gangara daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Limamai suka yi bayani, aka ɗauki matan unguwa waɗanda aka san iyayensu su riƙa shiga gidaje, waɗanda cutar ta nakasa su ma suka fito suna nuna wa iyaye abin da ake gudu. Aka kuma riƙa kafa sansanin jinya inda ake duba zazzaɓi da gudawa tare da ɗigon, watau an amsa tambayar nan da aiki. A 2012 yara 122 cutar ta kama a Nijeriya, fiye da rabin na duniya duka. Na ƙarshe da aka samu da ainihin ƙwayar cutar a jihar Borno ne cikin 2016, kuma ran 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita. Ba a daina ɗigon ba, saboda akwai wani nau'i da ke ɓulla inda yaran da aka yi wa riga-kafi suka yi kaɗan.

Ta wajen kuɗi ma an yi wani tsari mai ma'ana. Gidauniyar Ɗangote da ta Bill da Melinda Gates sun ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Kano a kan allurar riga-kafin yara, wadda ta fara aiki a 2013, daga baya aka yi irinta da Bauchi da Borno da Kaduna da Sakkwato da Yobe. Kowa yana zuba nasa kaso a asusu ɗaya, kason gwamnati yana ƙaruwa shekara-shekara, na gidauniyoyin yana raguwa, da nufin jiha ta ɗauki nauyin duka. Wannan ba wakafi ba ne a hukunce, amma tambayar da ya amsa ita ce wadda takardar Ƙalawun ta amsa: wa zai biya bayan mai kyauta ya tafi?

Ƙungiyar gari ko attajirin da ke da niyyar irin wannan aiki ba sai ya mallaki abin da sarakuna suka mallaka ba. Mazhabar Malikiyya ta sauƙaƙa ƙwarai, ta halatta wakafin abin da ake ɗauka, kamar mota ko dabba, ta kuma halatta na ƙayyadadden lokaci. Mutum yana iya tsayar da hayar shagonsa guda ta shekara goma domin maganin masu haihuwa a ƙauyensu, bayan wa'adin shagon ya komo masa. Ya kyautu a rubuta, a kafa shaidu, a ambaci mai kula da ladansa, a kuma zauna da mutanen wurin tun kafin a sa harsashi, domin wataƙila rijiya da motar ɗaukar mai naƙuda sun fi musu sabon gini. Sharaɗin mai wakafi abin bi ne muddin bai saɓa wa shari'a ba, saboda haka abin da aka rubuta da kyau yana ɗaure na baya.

Akwai kuma hukuncin da da yawa ke tuntuɓe a kansa. A Malikiyya wakafi ba ya cika sai abin ya fita daga hannun mai shi, an karɓe shi, tun yana da lafiya. In ya furta kawai, ya ci gaba da riƙe shagon yana karɓar hayarsa har ciwon ajali ya same shi, ko bashi ya cinye dukiyarsa, wakafin ya ɓaci, shagon ya koma cikin gado ko hannun masu bin sa bashi. Wanda kuwa ya tsayar da shi yana kan gadon ciwon ajali, hukuncin wasiyya ne ke hawa kansa, ba zai wuce sulusin abin da ya bari ba sai magada sun yarda.