Tsohuwar Kwamfuta da Intanet ɗin Yau: Nazarin Musabbabin Nauyi da Sassan da Suka Cancanci Sauyi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi nauyin da tsofaffin kwamfutoci ke yi idan an shiga intanet da su, matsalar da ke ci wa ɗalibai da malamai da dama tuwo a ƙwarya. An taƙaita nazarin ga kwamfutocin tafi-da-gidanka da aka ƙera tsakanin 2010 zuwa 2016. An bayyana inda nauyin ke fitowa, da sassan da sauya su ke biyan kuɗin da aka kashe, da kuma haɗarin ci gaba da amfani da babbar manhajar da masu ita suka daina kula da ita.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri a yau ba shi da makawa sai ya shiga intanet: can zai yi rajista, can zai nemo maƙalu, can kuma zai aika wa mai duba shi babin da ya kammala. Sai dai sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin aljihun mutane da yawa, don haka ake komawa ga na hannu, irin su ThinkPad T420 ta 2011 ko EliteBook 8470p da Latitude E6430 na 2012, waɗanda har yanzu ake cinikinsu a kasuwannin na'urori kamar na Ikeja a Legas da Farm Centre a Kano. An ƙera waɗannan ne domin ma'aikatan manyan kamfanoni, shi ya sa suke da ƙwari, kuma ana iya kwance su da sukundireba ɗaya.

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake bai wa Windows 10 kyauta, alhali Windows 11 tana neman furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ban da 'yan kaɗan, tare da guntun tsaro na TPM 2.0. Ke nan duk kwamfutocin da wannan nazari ya shafa an rufe musu ƙofa a hukumance, ko da kuwa lafiyarsu ƙalau. Tambayar da ke gaban mai irin wannan na'ura ita ce: ya gyara, ko ya haƙura ya fara tara kuɗin wata?

2.0 Daga Ina Nauyin Yake?

Kwamfutar da aka saya a 2012 tana nan da ƙarfin da aka ƙera ta da shi. Kayan da ake ɗora mata ne suka ƙaru. Shafin intanet a da rubutu ne da 'yan hotuna. A yau matsakaicin shafi ya haura megabait 2, kuma yana ɗauke da ƙananan manhajoji na JavaScript da tallace-tallace da masu bibiyar sawun mai karatu, waɗanda duk kwamfutar mai karatun ce za ta sarrafa su. Ita ma manhajar shiga intanet ta yi ƙiba. Bayan gano raunin tsaron da ake kira Spectre, Chrome ta fara killace kowane gidan yanar gizo a keɓe daga 2018, kuma Google da kansa ya bayyana cewa hakan na ƙara cin ma'adanar wucin-gadi da kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari.

Domin fahimtar abin da ke biyo baya, a ɗauki ma'adanar dindindin a matsayin rumbu, ma'adanar wucin-gadi kuwa, wato ram, a matsayin ƙwaryar da ake ɗebo hatsin da za a yi aiki da shi yanzu. Idan ƙwarya ta cika, dole a riƙa mayar da wani abu rumbu kafin a ɗebo wani. Haka kwamfuta mai ram gigabait 4 take yi da zarar an buɗe shafuka goma tare da Word: sai ta koma safa da marwa tsakaninta da faifan ajiya, wanda shi ne mafi nawa a duk jikinta. A nan ne allo ke daskarewa, fitilar faifai kuma ta kama ci ba ƙaƙƙautawa.

Kafin a sayi komai, ya kamata a gano mai laifin. A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare zai buɗe Task Manager, inda ake ganin kason da kowane sashe ke aiki da shi. A duba shi a daidai lokacin da na'urar ta cije. Wanda ya maƙale a kusa da ɗari bisa ɗari, shi ne ke riƙe da sauran. Wani lokacin ma laifin na sabis ne, kuma babu sauyin ƙarfen da zai magance wannan.

3.0 Sassan da Ake Sauyawa

3.1 Ma'adanar Dindindin

A ra'ayin mai wannan nazari, wanda kuɗinsa bai kai ya sayi abu biyu ba, to ya sayi SSD. Tsohon faifan ajiya yana aiki ne tamkar garmaho: faranti na juyawa, hannu mai kai kamar allura yana bin sa yana neman bayani. A yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka farantin na juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, wato kowane zagaye na cin kimanin kashi 11 cikin dubu na daƙiƙa. Idan aka haɗa da lokacin da hannun ke ɗauka kafin ya isa wurin, da ƙyar faifan zai ɗauko warwatsattsun bayanai ɗari a daƙiƙa guda. SSD ba ta da abin da ke motsi a cikinta, tana kuma iya ɗauko dubbai a daidai wannan lokaci. Aikin manhajar shiga intanet kuwa kusan duk na irin waɗannan ƙananan bayanai ne masu yawa. Shi ya sa kwamfutar da kan shafe mintuna kafin ta gama tashi take komawa tashi cikin ƙasa da minti ɗaya.

SSD mai faɗin inci 2.5 da mahaɗin SATA tana shiga gurbin tsohon faifan kai tsaye. Masu sayarwa kan ce tsohuwar na'ura mai SATA II ba za ta ci moriyarta ba, tunda iyakar gudunta kusan megabait 300 ne a daƙiƙa, alhali SSD na iya kai 550. Lissafin gaskiya ne, amma bai taɓa inda ribar take ba, domin saurin gano bayani ake nema, kuma wannan yana nan daram. Gigabait 240 ko 256 ya wadatar da mai rubutu da bincike.

Akwai hattara biyu. Kasuwa na da jabu da waɗanda aka ci rabin rayuwarsu, don haka a gwada lafiyar kowace da manhaja irin CrystalDiskInfo, wadda ke nuna adadin sa'o'in da ta yi tana aiki, kafin a biya kuɗi. Na biyu, tsohon faifai kan yi ƙara ko ƙyas-ƙyas kafin ya mutu, SSD kuwa takan tafi ba sallama. Kundin da aka shekara biyu ana rubutawa bai kamata ya kwana a wuri ɗaya tak ba.

3.2 Ram

Gigabait 8 shi ne mizanin da ya dace da shiga intanet na yau da kullum. 16 sai mai sarrafa hotuna ko manyan alƙaluma. Inda ake yawan tafka asara shi ne wajen sayen nau'in da bai dace ba. DDR2 na kwamfutar tafi-da-gidanka haƙora 200 gare shi, DDR3 na da 204, DDR4 na da 260, kuma tsagar da ke jikin kowanne a wuri daban take, saboda haka ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Tarkon yana tsakanin DDR3 mai aiki da bolt 1.5 da DDR3L mai bolt 1.35, domin siffarsu ɗaya ce. Kwamfutocin tafi-da-gidanka masu furosesar Intel zubi na huɗu suna buƙatar DDR3L, kuma idan aka sa musu ɗayan suna iya ƙin tashi. Takardar da ke manne a jikin ram ɗin tana raba gardama: PC3 ko PC3L. Sannan a tabbatar babbar manhajar mai bit 64 ce, don mai bit 32 ba ta iya amfani da fiye da gigabait 4, hasali ma abin da take gani bai cika kai haka ba.

Sauya furosesa kuwa bai cika biyan wahalarsa ba. Daga zubi na biyar ma a like take da allon na'urar.

3.3 Zafi da Ƙaramin Batir

Wannan gyara kusan kyauta ne, amma shi aka fi sakaci da shi. Furosesa na rage gudunta da kanta idan zafinta ya doshi digiri 100, don kada ta ƙone. A yankin da zafin bazara kan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta toshe fanka da ragar fitar da iska, kwamfuta na iya yin aiki da rabin ƙarfinta ba tare da mai ita ya sani ba. Maganin shi ne a buɗe a share, a goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, a shafa sabo ɗan kaɗan, a kuma daina ɗora na'urar a kan katifa ko darduma.

Haka nan akwai ɗan batir mai kamar kwabo, galibi CR2032, wanda ke riƙe agogon kwamfuta. Idan ya mutu, kwanan wata na komawa shekarun baya, sai shafuka su ƙi buɗewa suna gargaɗin rashin tsaro, saboda takardun shaidar gidajen yanar gizo suna da ranar farawa da ranar ƙarewa. Mai irin wannan matsala zai iya zaton na'urarsa ta gama yawo, alhali batir mai bolt 3 ne kawai ya ƙare.

4.0 Babbar Manhaja da Batun Tsaro

Duk gyaran da aka ambata ba zai kare mutum ba idan babbar manhajarsa marainiya ce. An daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu, 2020, kuma Chrome 109, wadda ta fito a farkon 2023, ita ce ta ƙarshe da ke aiki a kanta. Duk ɓarakar da aka gano bayan nan a buɗe take. Shiga asusun banki ko akwatin imel da irin wannan na'ura ganganci ne.

Mafita mafi sauƙi ita ce Linux. Linux Mint mai fuskar Xfce tana iya tashi da ram gigabait 2, ko da yake 4 aka fi so, kyauta ce, kuma tana karɓar sabuwar Firefox. Ana iya gwada ta daga filashi ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba, a ga ko wayales da sauti da firinta suna aiki. Idan aka ƙara wa Firefox ɗin uBlock Origin, mai toshe tallace-tallace, nauyin shafuka da cin data duk suna raguwa. Amma ƙaura tana da tsadarta: babu Word a can, sai LibreOffice, kuma tsarin shafi da jadawali kan ɗan goce idan fayil ya ratsa tsakanin su biyun. Mai miƙa kundi ya duba shi a kan Word kafin ya buga.

Akwai abin da ya shafi manazarta Hausa kai tsaye. Rubuce-rubuce da yawa an buga su ne da tsofaffin salon haruffa irin Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ari gurbin wasu alamomi suka zuba ƙ da ɗ da ɓ a ciki. Idan aka buɗe fayil ɗin a na'urar da ba ta da su, sai alamomin asali su bayyana a tsakiyar kalmomi. Saboda haka a kwafe waɗannan haruffa tare da fayilolin kafin a goge tsohon faifai. Abin da ya fi ma shi ne a mayar da rubutun tsarin Unicode, tunda Windows da Linux duk suna da madannan Hausa.

5.0 Inda Gyara Ya Tsaya

Bidiyo ne ke fara tona asirin tsufa. YouTube ta fi aiko da bidiyo a tsarin VP9 ko AV1, alhali sashen hoto na waɗannan kwamfutoci H.264 ya iya warwarewa da kansa, don haka aikin ke faɗawa kan furosesa, fanka ta kama kuka. Rage ingancin hoto zuwa 480 ko 720, ko sanya ƙarin h264ify, yana sassauta lamarin. Ƙananan kwamfutoci masu furosesar Atom, waɗanda galibinsu ba sa ɗaukar ram fiye da gigabait 2, sun dace da buga rubutu, amma intanet ɗin yau ya fi ƙarfinsu. Haka kuma idan kuɗin SSD da ram da batir da allo suka tasam ma farashin wata na'urar mai zubi na takwas, sayen waccan ya fi hikima.

Ita ma wadda aka haƙura da ita tana buƙatar lura. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma kashi 22.3 cikin ɗari kaɗai aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa ta hanyar da ta dace. Batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta, don haka a cire shi, kada a huda shi ko a jefa shi a bola. Kafin kuma a miƙa gangar jikin ga mai gyara ko ɗan gwangwan, a zare faifan ajiyar, domin goge fayil ba ya kawar da shi daga kan faranti, kuma ana iya dawo da hotuna da takardun da ke ciki. Idan aka saya wa faifan ɗan gida mai mahaɗin USB, zai zama wurin ajiye kwafi na biyu na kundin.