Yadda Ake Jingina Jirgin Ruwa da Gaɓa

Tsakanin Kasuwar Kurmi da bakin teku akwai tafiyar kusan kilomita 1,000, amma arzikin birnin Kano ya daɗe yana bi ta ruwa. Alhassan Dantata ya yi safarar goro a jirgin ruwa daga Akra zuwa Legas. Gyaɗar dala ta bi jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, ta sauka tashar Apapa a Legas. Alhazan da suka tafi ta ƙasa kuwa sai da suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. A 2021 manyan jiragen yawon shaƙatawa suka fara tashi daga Jiddan, kuma mai shirin kama ɗaki a ciki yakan tambaya wane gefe ne zai kalli gari idan an tsaya, dama ko hagu. Babu gefen da aka yanka wa. Aikin ne yake zaɓa.

Da farko a san gefen. Ka fuskanci goshin jirgi: hagunka shi ne gefen jar fitila, damanka gefen koriya. A zamanin da, babban filafilin juya jirgi a dama ake ɗaure shi, don haka da hagu ake jingina kada ya karye. Wannan dalili ya kau tun da aka mayar da abin juyi tsakiyar baya.

Tun jirgi yana nesa hukumar tasha take sanar da shi gurbinsa. Sai ƙaramin jirgi ya kawo jagoran tasha, ya hau ta tsanin igiya alhali ana tafiya, aikin da ke buƙatar ƙarfin zuciya ranar da teku ta tashi. Shi ya san inda yashi ya taru da inda ruwa ke murɗawa. Shi da kyaftin suke yanke shawarar gefen da za a jingina, kuma a nan ne duk maganar take.

Abin da suke fara dubawa shi ne inda ruwa ya nufa. Jirgi ba shi da birki, saboda haka an fi son ya tunkari gudun ruwa da goshi, ruwan ya riƙa tare shi. A tashar da teku ke cikowa tana janyewa, kamar Apapa, jirgin da ya jingina da hagu da safe zai iya jingina da dama da ya zo da yamma. Sai iska: jirgin shaƙatawa mai hawa goma sha wani abu bango ne guda, iska kaɗan ma tana tura shi. Sai maganar fita. Kyaftin da yawa sun fi son su juya jirgi tun da shigowa, goshi ya kalli teku, kamar mai mota a lungun unguwar Koki da yake juya kanta waje kafin ya kashe. Akwai kuma kwalekwalen ceto, waɗanda doka ta ce a sauke su cikin ruwa duk wata 3. Na gefen gaɓa ba sa saukuwa, dole a riƙa sauya gefe. Jirgin kaya mai farfela ɗaya yana da nasa hali: yawanci idan ya ja da baya, bayansa hagu yake karkata, shi ya sa jingina da hagu ta fi masa sauƙi.

An yanke shawara, sai a rage gudu sosai. Jiragen ja su kama na kaya gaba da baya. Na shaƙatawa galibi ba ya buƙatarsu, yana da farfeloli a haƙarƙari masu tura shi gefe-gefe. A mitocin ƙarshe tafiyar ba ta kai ta mai rarrafe ba, har ya taɓa manyan robobin da aka jera a jikin gaɓa.

Daga nan ma'aikaci ya jefa siririyar igiya mai dunƙule a kai, na ƙasa su cafe, su jawo kakkaurar da ke biye, su rataya a turken ƙarfe. Ana ɗaure goshi, a ɗaure baya, wasu igiyoyin su riƙe shi manne da gaɓa, wasu a gicciye su hana shi zamewa gaba ko baya. Inji ya ɗame su, a sa faranti a kan kowace don kada ɓera ya hau, sannan a saukar da matakala jami'ai su shiga.

Ni dai ba zan ba mutum shawarar ya ƙara ko kwabo a kuɗin ɗaki don gefen gaɓa ba, musamman da yake abin da ke wajen tagar sau da yawa kwantena ce da ƙarar injin ɗaga kaya. Wanda ke son ganin ƙasa ya duba hanyar da za a bi. Daga Jidda zuwa Yanbu arewa aka nufa, gaɓar Saudiyya tana dama. A dawowa tana hagu.